Wai Munchak yaron Tomlin ne?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni fa abin nan ya ishe ni, kullum in na kawo zancen ƙwallon Amurka a guruf ɗin nan sai kowa ya yi gum, amma a ce Rashford ya yi atishawa yanzu za ka ga saƙonni sun cika waya. To yau sai na faɗa ko ba mai ji. Abin da Tennessee Titans suka yi wa Mike Munchak zalunci ne tsagwaronsa. Mutum ya shigo musu tun 1982 lokacin suna Houston Oilers, su suka ɗauko shi na takwas a zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'ar Penn State, shekara 12 yana cikin ƙartin nan biyar masu yi wa mai jifa katanga har gwiwa ta gaji, sau tara ana zaɓensa Pro Bowl, wasan gwanayen shekara, ya ajiye takalmi ya zauna yana koyar da 'yan katangar tasu, aka ba shi babban koci a 2011, shekara uku kacal aka ce ya kama gabansa. Sama da shekara 30 a gida ɗaya fa! Ƙarshe sai da ya tafi Pittsburgh ya zama yaron babban kocinsu na lokacin, Mike Tomlin. Wlh abin da ciwo.

Ticha: Shekara ukun nan wasa 22 ya ci, aka ci shi 26, bai kai su zagayen kifa ɗaya ƙwala ba ko sau ɗaya. Ina zaluncin?

Baban Khalifa: Dakata Ticha. Ɗan Fagge, yaro ka ce? Munchak 1960 aka haife shi, Tomlin 1972. Wanda ya ba ka shekara 12 ne yaronka? Mutumin da tun 2001 aka saka shi a Hall of Fame, zauren karrama gwarazan wasan, lokacin Tomlin yana ƙaramin koci a Tampa? Ka janye kalmar nan don Allah.

Ɗan Fagge: Haba yaya, kai ma ka san abin da nake nufi. A ƙarƙashinsa yake aiki ko ba a ƙarƙashinsa yake ba?

Baban Khalifa: Ƙarƙashi daban yaro daban.

Mai Gilashi: A Kantin Kwari akwai masu furfura da ake cewa yaron Alhaji wane kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara. In wani ke ba ka umarni, in ya ga dama ya sallame ka, yaronsa ne kai, shikenan, ba maganar shekaru ba ce.

Baban Khalifa: To ai nan kuka ɓata. Ku ba ku san aikin ba ne. Kocin katanga ba ɗan aike ba ne, ɗakinsa daban mutanensa daban, shi zai zauna da su kan bidiyo yana mayar da taku ɗaya baya sau ba adadi, ina ka sa ƙafar hagu, ina hannunka ya sauka, a ƙirjin mutum ko a bayan kafaɗa, don in hannu ya fita waje ka riƙo riga alƙali zai jefa ƙyallen nan ruwan ɗorawa a mayar da ku baya yadi 10, kuma a nan ne kawai 'yan kallo ke jin lambarka. Ku duba Alejandro Villanueva, sojan Amurka ne da ya je Afganistan, ƙungiyoyi sun gwada shi sun sake shi, a hannun Munchak ya zama mai tsare bayan Roethlisberger, mai jifan Pittsburgh, har ya je Pro Bowl sau biyu. Tomlin ne ya koya masa?

Ticha: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsar 22 da 26 ba.

Gona Har Abada: Baban Khalifa ya yi gaskiya. Haka mahassada suka dinga cewa Arteta yaron Pep ne.

Jan Shaiɗan: Hhhhh ai shi wannan yaro ne na haƙiƙa, shekara uku yana jera wa Pep robobi a filin tirenin. Arsenal ɗinsa 2023 na biyu, 2024 na biyu, 2025 na biyu. Ladabi ne, yaro ba ya wuce gaban manya.

Gona Har Abada: Kai da kuka ƙare na 15 a 2025 har kana da bakin magana? Koci nawa kuka canza tun da Ferguson ya tafi a 2013, ƙirga min in ka iya.

Jan Shaiɗan: Champions League uku. Kawo naka.

Ɗan Fagge: Kun gani ko? Abin da na faɗa tun farko kenan. Na kawo maganar Munchak kun mayar da ita Firimiya.

Maman Ilham: Ni tambaya gare ni, wannan wasan da suke karo da juna da hular kwano shi ne rugby?

Ɗan Fagge: A'a anti, daban suke. Zan yi miki bayani ta gefe.

Mai Gilashi: Baban Khalifa, in ba yaro ba ne me ya sa da ya bar Pittsburgh ya nemi babban koci a Denver a 2019 aka bai wa Vic Fangio, shi kuma ya karɓi aikin katangar dai a ƙarƙashinsa? Daga wannan uban gida zuwa wancan.

Baban Khalifa: Saboda shi ne abin da ya iya, kuma nemansa ake yi. A 2009 Chris Johnson na Titans ya yi gudun yadi 2,006 da ƙwallo, wa ya horar da masu buɗe masa hanya? Kai ka san wasan ne ma, ko yanzu ka shiga Google?

Mai Gilashi: Kai a Texas aka haife ka ko? Duk a waya muke gani malam, kar ka raina min hankali.

Baban Khalifa: Ba na cacar baki da yara.

Mai Gilashi: Au, yanzu ni ne yaron? Shekarunka nawa?

Ticha: 22 da 26.

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. An tabbatar da hujja cewa mataimakin koci ba yaron kowa ba ne, Baban Khalifa ya yi bayani mai gamsarwa, kuma misalin Arteta ya ƙara fito da abin fili don kowa ya ga yadda ya gyara Arsenal. Waɗanda suka kawo maganar robobi ba su zo da komai ba sai baƙin ciki. Ticha ma ya faɗi wasu lambobi. Maganar ko an zalunci shi Mancak ɗin ko wa yake da suna, Ɗan Fagge ya sake kawo ta wani lokaci. Jan Shaiɗan na cire ka na kwana biyu saboda cin mutunci.