Tambaya: bin ruwa daga Ikorodu zuwa Apapa a wannan daminar, da maganar manyan jirage

Ɗan Sabo Ikorodu:

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Legas. Don Allah masu sanin harkar ruwa ku ba ni shawara. Ina zaune a Sabo nan Ikorodu, maigidana kuma ya mayar da ni shagonsa na Apapa, to kun dai san halin hanya, gwaslon Mile 12 da Ketu kaɗai ya ishi mutum, ga tireloli tun daga Ijora, sai in isa shago rana ta take na riga na gaji tun ban ɗaga ƙofa ba. Wani maƙwabcina Bayarabe ya ce in riƙa bin ruwa daga Ebute, tashar jirgin ruwa ta nan Ikorodu, wai ƙasa da awa ɗaya na isa tashar CMS da ke Marina, daga nan in ƙetara Apapa. Raina ya biya gaskiya amma ni mutumin Katsina ne, ban iya iyo ba, kuma ranar da na tsaya a Marina na hango wani ƙaton jirgin kwantena ga ɗan ƙaramin jirgin fasinja yana gilmawa ta gefensa, cikina ya ɗuri ruwa. Shin manyan jiragen nan suna da lokacin shiga da fita ne? Akwai yadda mutum zai sani? Sannan ga damina, ta yaya ake gane ranar da bai kamata a hau ruwa ba? Ina da iyali ba na son ganganci.

Na Marine Beach:

Wa alaikumussalam ɗan'uwa. Ni aikin fitar da kaya nake a fot, wato tashar manyan jiragen ruwa, don haka ɓangaren jirage zan ɗauka. Ka kwantar da hankalinka, mafi yawan tafiyarka babu babban jirgi a cikinta. Daga Ikorodu har ku ratsa lagun, wato babban tafkin nan na Legas, ku shige ƙarƙashin gadar Third Mainland da gadar Carter da ta Eko, ƙananan jirage ne kawai da kwale-kwalen masunta da masu ɗiban yashi, sai baji, faffaɗan jirgin dakon nan da ake ja, mai ɗaukar kwantena, don manyan ba sa iya wuce gadojin nan. Tsakanin Marina da Apapa ne za ka haɗu da su, kuma tafiyar 'yan mintuna ce.

Ƙofarsu ɗaya ce. Duk jirgin da zai shigo Apapa ko Tin Can ta Commodore Channel yake bi, wata mashiga ce tsakanin dogayen katangun duwatsu biyu da Turawa suka zuba tun farkon ƙarnin da ya wuce, ɗaya ta wajen Tarkwa Bay ɗaya ta inda yanzu ake Eko Atlantic. In ka je bakin teku ta Victoria Island da dare za ka hango fitilu jere can nesa, to masu jiran layi ne, sun saki anga suna jiran a ba su wurin tsayawa. Kuma kyaftin komai ƙwarewarsa ba ya shigowa shi kaɗai, NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, ce ke tura failot, wato matuƙin da ya san mashigar, ya je a ƙaramin jirgi ya hau ta tsanin igiya, shi ya san inda zurfi yake da inda yashi ya taru, sannan jiragen ja su kama shi gaba da baya har su manna shi da jeti, wato matsayar jirgi. Masu zuwa Tin Can sai su karkata hagu su shiga Badagry Creek.

Tsayayyen lokaci kam babu. Jirgi na shigowa ne in wanda ke wurin ya gama sauke kaya ya tashi, an samu failot, ruwa kuma ya kai yadda ake so in mai nauyi ne sosai. Amma ba a ɓoye abin yake ba, NPA na fitar da takardar Shipping Position, za ka ga waɗanda ake jira, da waɗanda suka iso suna jiran wuri, da masu sauke kaya, har abin da suka ɗauko, alkama, ɗanyen sukari, kifin ƙanƙara, fetur, motocin tokumbo, jaridu ma suna ɗauka. In kuma kana son gani da idonka ka sauke MarineTraffic ko VesselFinder a waya, manyan jirage dole su kunna wata na'ura da ake ce wa AIS mai nuna sunansu da inda suke da saurin tafiyarsu.

Cunkoson nan tsohon abu ne fa, dattawan fot har yanzu suna ba da labarin 1975 lokacin da gwamnati ta yi odar siminti fiye da kima, ɗaruruwan jirage suka yi watanni a bakin teku, wani simintin ya daskare a cikin jirgi. Bayan nan aka gina Tin Can aka buɗe a 1977. Yanzu kuma tun 2023 tashar Lekki ta fara aiki, zurfinta mita 16.5, mafiya girma can suke nufa.

Abin da za ka lura da shi shi ne direbanka. Babban jirgi ba shi da birki, ko ya kashe inji sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma wanda ke can sama ba ya ganin ɗan ƙaramin abu da ke daf da hancinsa. Direban kirki ta bayan jirgi yake bi, ya rage gudu, ya fuskanci igiyar da jirgin ya bari da gaban nasa jirgin. In ka ga naka yana rige-rigen yanke gaban jirgi ko yana kutsawa tsakanin baji da mai jansa, ka gane fuskarsa kar ka ƙara shiga nasa.

Bayawuri:

Ɗana, mai fot ya gaya maka gaskiya amma ni ba jiragen ne suka fi damuna ba, ruwan kansa ne. A bakin Neja aka haife ni a Yawuri, da kwale-kwale na tashi, kuma na daɗe ina tuƙi a nan. Kogin gida waje ɗaya ya sa gaba, ka san inda ya nufa. Na Legas numfashi yake kamar mutum, teku ya turo ruwa ciki na wajen awa shida, sannan ya ja abinsa na wajen awa shida, sau biyu a yini da dare. Tashin bai fi kamar mita ɗaya ba amma kar wannan ya ruɗe ka, duk ruwan lagun ta ƴar mashigar nan zai fita, shi ya sa a ƙarƙashin gadar Carter da gaban Apapa za ka ga yana gudu yana murɗawa a jikin ginshiƙai. Kullum kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, in yau ya cika da hantsi, bayan kwana uku sai wajen azahar.

Mu da muke lissafin watan Musulunci abin ya zo mana da sauƙi. Daga tsayuwar wata zuwa kwana biyu ko uku, da kuma 14 zuwa 17 ga wata, nan ruwa ya fi cika ya fi ja, ƙarfinsa ya fi yawa. Wajen 7 ko 8 ga wata da 22 ko 23 yana lafawa. In damina ta yi nisa kuma kogin Ogun ya kawo ruwa, balle a ce an saki na dam ɗin Oyan, to jan ruwan ninkuwa yake.

Maganar sama kuwa iri biyu ce. Akwai hadarin farkon damina, Maris zuwa Mayu, da na ƙarshenta wajen Oktoba, shi ne mugun. Za ka ji gari ya yi zafi ya yi tsit ko ganye ba ya motsi, sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, sai wata iska mai sanyi ta bugo ka. To in ka ji sanyin nan kana kan jeti kar ka taka jirgi, ka zauna, yawanci bai fi awa guda ba ya wuce. In ya same ku a tsakiyar lagun wajen da ba ka ganin tudu sosai, ruwan ba shi da zurfi can can, shi ya sa nan da nan yake tashi, igiya gajere gajere a jere suna dukan jirgi, direba ba ya ganin gabansa. Sai kuma ruwan Yuni da Yuli, wanda zai wuni yana zuba da iskar teku daga kudu maso yamma, wannan bai cika zuwa da bazata ba, jiƙewa ce da jijjiga. Agusta akan ɗan samu sarari. Sannan ka sani da safe ruwa ya fi kwanciya, da la'asar iskar teku ke tashi, in kuma ta yi karo da ruwa yana ja to nan ne fasinja ke salati. Don haka zuwanka ya fi komowarka sauƙi.

Maman Biyu:

Sannu Baba Bayawuri, wallahi na ƙaru, ban taɓa haɗa abin da kwanan wata ba. Ƙanena ni hanyar nake bi zuwa Balogun sarin atamfa, ga abin da zan ƙara. Rigar ruwa kar ka yarda ka rataya ta kawai a wuya kamar yadda wasu ke yi don a bar su su shiga, ka duba madaurinta, in ya tsinke ko soson ciki ya lotse ka ce a canja maka, ka ɗaure ta tamau har da na ƙasa, tunda ba ka iya iyo ba ma gara ka sayi taka daidai jikinka ka riƙa yawo da ita. Ka rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinja. Kuma ka shiga a jetin da jami'an LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta jihar Legas, suke, in ka samu jirgin LAGFERRY na gwamnatin jiha ya fi girma ya fi zama daram, da katin Cowry ake biya irin na bas ɗin BRT, sai dai ƙananan sun fi sauri sun fi yawan tashi.

Sai kainuwa, daga ƙarshen damina har wajen Disamba takan rufe bakin Ikorodu kore shar sai ka ce fili ne, don ruwan ya rage gishiri tana jin daɗinsa. Ita da leda su ke naɗe farfela, ka ji inji ya shaƙe ya mutu, direba ya ɗago shi ya sa hannu yana cizgo ta. Da rana ba komai, ku dai zauna kar kowa ya miƙe. Da dare ne abin tsoro. Ku tuna jajibirin babbar sallar 2022, jirgin da ya taso daga Mile 2 zai je Ibeshe bayan gari ya yi duhu, ruwa ya ja shi ya kai shi jikin baji ya kife, mutane sama da goma suka rasu da yawansu ƴan gida ɗaya, Allah ya jiƙan musulmi. Hukuma ta hana tafiyar dare amma har gobe za ka samu mai ce maka zo mu je yanzu za mu isa. Ni in an kira magariba ina tudu to mota zan bi ko da ƙarfe goma zan isa gida.

Abban Agege:

Ni dai shawarata ka haƙura da BRT ɗinka malam. Gwaslo gajiya ce kawai. Wanda bai iya iyo ba me ya kai shi tsakiyar ruwa da damina?

Na Marine Beach:

Abban Agege kar ka tsorata shi, titin ma ai muna ganin kwantena na faɗowa kan motoci a Ojuelegba. Mutane da yawa ke bin ruwan nan kullum lafiya. Abu ɗaya dai ɗan Sabo, manhajar da na ce maka ba za ta nuna maka jiragen fasinja ƙanana da kwale-kwale ba, yawancinsu ba su da na'urar. Don yanayi kuma ka bi shafin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, suna sa hasashen kowace rana har da na teku, ka duba tun da dare, da safe kuma ka ɗaga kai ka dubi gabas kamar yadda Baba ya ce.

Ɗan Sabo Ikorodu:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Matsalar ita ce ƙarfe shida muke rufe shago. Baba, da rani fa, shi kenan babu damuwa?

Bayawuri:

Da rani ruwa na kwanciya amma akwai hazon hunturu, Disamba da Janairu, wani lokaci da sassafe ba ka ganin ginshiƙin gada sai kun zo kusa, ranar nan ka bari rana ta ɗan ɗaga tukuna. Maganar shida kuwa ta yi latti, kafin ka ƙetara CMS ka samu jirgi duhu ya kama ku a tsakiyar lagun. Ka je wa maigidanka da magana cikin ladabi, ka ce za ka riƙa buɗewa da wuri tunda ruwa zai kawo ka da wuri, shi kuma ya sallame ka da ka yi la'asar. In bai yarda ba ka bi ruwa da safe, ka komo ta mota.