Motata tana mutuwa da zarar inji ya yi zafi

Assalamu alaikum, masu gyaran tsofaffin motoci, ina neman taimako.

Motar ƙirar 1974 ce, inji mai silinda 4, kafireto da kwantak, babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta. Da safe mukulli ɗaya take tashi, sulo lafiya lau. Amma in ta ɗan yi tafiya inji ya ɗau zafi, sai ta fara sarƙewa, musamman in na taka totur, daga nan ta mutu. Kik yana juyawa da ƙarfi, ita kuwa ta ƙi tashi har sai ta huce. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya, lagireto cike yake da ruwa.

Na sauya fulogai, kwantak da kwandensa, na saita tazarar kwantak a milimita 0.4. Na wanke kafireto, na sa sabuwar filtar mai. Duk a banza. Ban ga alamar laifin mai ba, domin in ta mutu na danna totur, ina ganin fetur yana feshi cikin maƙogwaron kafireto.

Wutar ce ke damuna. A wannan lokacin tartsatsin fulogi rawaya ne, marar ƙarfi, kwayil (wanda ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi) kuma ba ya taɓuwa don zafi. Sabo ne ma. Na auna shi, ohm 1.5 ya nuna, kuma volt 12 ke shiga masa kai tsaye, ban ga wata rizista (abin da ke rage ƙarfin wuta) a layin ba.

Shin wannan kwayil ne bai dace da wayarin motar ba, in nemo mai ohm 3? Na gode.