Muhawara: Shin kayan abincin kantunan rahusa daidai suke da masu tsada?

Malam Sani, Birmingham:
Assalamu alaikum. Ina so in kawo wata magana da na daɗe ina riƙe da ita, ko da yake na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba. Ra'ayina shi ne, kayan abincin da kantunan rahusa na Aldi da Lidl suke sayarwa da tambarinsu ba su da wani bambanci da na manyan kamfanonin da ake tallatawa a talabijin, kuma duk wanda ya biya ninki biyu saboda kwali mai suna, to kuɗin sunan ya biya. Na koma cefane a waɗannan kantuna ne a farkon 2023, lokacin da hauhawar farashin abinci a Birtaniya ta haura kashi 19 cikin ɗari a watan Maris, kuma har yau babu wanda ya yi ƙorafi a gidana. Akwai ranar da na juye cornflakes mai araha a cikin tsohon kwalin Kellogg's ba tare da na gaya wa kowa ba. Yara suka yi mako biyu suna karyawa da shi, babbar 'yata wadda ta sha rantsuwa cewa ba ta iya cin mai araha ita ce ma take ƙari, sai da na nuna musu ledar da na ɓoye sannan suka fara cewa ai dama sun ji wani iri.

Hajiya Binta, Manchester:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Yaudarar yara da cornflakes ba ta isa hujja ba, domin abin da aka zuba wa madara da sukari ko dusa ce yaro zai cinye. Ni mai tsayawa a bakin tukunya ce, kuma abin da na gani shi ne araha ba ta ado. Na taɓa sayen tumatirin gwangwani mafi araha a wani kanti da ba sai na ambaci sunansa ba, na buɗe shi tare da wanda na saba saye, na juye kowanne a matsami na bar su minti biyar. Na farkon kusan rabinsa ruwa ne ya tsiyaye, abin da ya rage kuma fari-fari ne mai tsami, har sai da na zuba gwangwani uku a miyar da biyu suke isa, na ƙara kanwa, na kuma daɗe ina soya shi kafin ya yi ja. Idan aka lissafa gwangwani na uku da gas ɗin da ya ƙone, ina ribar take? Haka ganyen shayi: wani sai an saka jaka biyu a kofi ɗaya kafin ya yi kala. Na yarda da kai a kan sukari, gishiri da fulawa, domin waɗannan babu wata dabara a cikinsu, amma ban yarda a yi wa dukkan kaya kuɗin goro ba.

Malam Isuhu, Essen:
Hajiya, a yi mini izini in sa baki, tunda a garin da aka haifi Aldi nake zaune. Mutane da yawa suna ɗauka cewa arahar kantin daga rage ingancin kaya take fitowa, alhali mafi yawanta daga yadda ake tafiyar da kantin ne. Mahaifiyar Karl da Theo Albrecht, 'yan'uwan da suka kafa Aldi, ita ce ta buɗe ƙaramin shago a nan Essen ta ƙasar Jamus a 1913, 'ya'yan suka karɓe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamusawa ba su da abin hannu, sannan a 1960 suka raba harkar gida biyu, ta arewa da ta kudu, an ce saboda saɓani a kan sayar da taba. Tsarinsu tun farko shi ne kaya kaɗan, ciniki mai yawa. Babban kanti yana iya ajiye kaya iri dubu ashirin da biyar ko fiye, shi kuwa Aldi bai cika wuce dubu biyu ba, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari da tambarinsa suke. Wanda zai sayi taliya iri ɗaya tirela-tirela yana da bakin da zai karya wa mai masana'anta farashi. Ana ajiye kaya a cikin kwalin da suka zo a ciki, ba a biyan wani ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Ana buga lambar farashi a gefe-gefen kwali domin mai karɓar kuɗi ya yi sauri. Kuma sai ka saka tsaba kafin ka ciri keken zuba kaya, domin ka mayar da shi da kanka. Da wannan tsarin suka shiga Birtaniya a 1990, Lidl ya biyo su a 1994, kuma a 2022 Aldi ya ture kantin Morrisons ya zama na huɗu a yawan ciniki a ƙasar. Ba na jin miliyoyin mutane za su yi ta komawa wurin da ake sayar musu da shara.

Dakta Nura, Leeds:
Yaya Binta, abin da Malam Sani ya gani a wurin 'yarsa masana sun gwada shi a kan manya, kuma da yawa daga cikin gwaje-gwajen a kan giyar inabi aka yi su, saboda farashinta yana bambanta sosai daga kwalba zuwa kwalba. A 2008 masu bincike a Kalifoniya, ciki har da Hilke Plassmann da Antonio Rangel, sun sa mutum ashirin a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce musu za su ɗanɗana giya iri biyar, alhali uku ce kawai. Kwalbar dala 5 an ba su ita sau biyu, a karo na biyu aka ce ta dala 45 ce. Ta dala 90 kuma aka sake ba su ita da sunan ta dala 10. Mutanen sun ce mai tsadar ta fi daɗi, kuma abin mamakin shi ne ba ƙarya suke yi ba, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke da alaƙa da jin daɗi ya fi motsawa idan an ambaci babban farashi. A 2011 kuma, a bikin kimiyya na Edinburgh, Richard Wiseman ya ba mutum 578 giya mai araha da mai tsada ba tare da sun ga kwalba ba, kusan rabi ne kawai suka canka daidai, wato daidai da wanda ya yi caca. Saboda haka idan mutum ya ce shayi mai tsada ya fi masa daɗi, ina gaskata shi, sai dai ban tabbata harshensa ne ya gaya masa ba.

Alhaji Garba, Landan:
Dakta, da girmanka, ban ga dalilin da zai sa a shigo da barasa cikin maganar cefanen gidajen Musulmi ba. Mai tsadarta da mai araharta duk hukuncinsu ɗaya ne a wurinmu, don haka a bar masu ita su ji da lissafinsu. Abin da ya fi damuna, wanda babu wanda ya taɓo, shi ne abin da ke cikin abincin. Kun manta 2013? Hukumar kula da abinci ta Ayilan ce ta fara gano naman doki a cikin abin da aka rubuta naman sa ne, har aka samu wani burger da kashi 29 cikin ɗari na namansa doki ne, kuma kayan masu araha da ke cikin firiza su ne abin ya fi shafa. A wannan shekarar ce kuma aka samu ɓurɓushin alade a cikin abincin da aka rubuta wa halal ana kai wa fursunoni Musulmi a gidajen yarin ƙasar nan. Idan kanti ya matsa wa mai kawo kaya lamba cewa sai ya rage farashi, shi ma zai nemi inda zai rage, kuma a ƙarshe a cikin mai saye abin zai ƙare. Sayen irin wannan nama cinikin biri ne a sama.

Dakta Nura, Leeds:
Allah ya huci zuciyar Alhaji. Ban kawo maganar don in yabi giya ba, kuma ni ma ban san ɗanɗanonta ba. Na kawo ta ne domin abin da aka gano game da ƙwaƙwalwar ɗan Adam, wanda ya shafi mai shan shayi kamar yadda ya shafi kowa. Game da naman doki kuwa, gaskiya ka faɗa, amma ka bar rabin labarin. Findus ba tambarin kantin rahusa ba ne, sanannen kamfani ne da ake talla, kuma a cikin wasu kwalayen lasagne ɗinsa, wato taliya mai faɗi da niƙaƙƙen nama, an samu naman doki har kashi ɗari cikin ɗari. Kamfani ɗaya ne na Faransa, Comigel, ya yi wa Findus da Aldi kayan da aka janye daga kasuwa. Wannan ya nuna cewa babban suna bai kare kowa ba, ya kuma ƙarfafa maganar Malam Sani ta wata fuska, tunda ga shi masana'anta ɗaya ce take cika kwali mai tsada da mai araha.

Zainab, Coventry:
Iyayena da yayyena, ni ɗaliba ce, linzamin manyan kantuna ya fi ƙarfin bakin kazata, don haka ba zaɓi ne ya kai ni kantin rahusa ba. Amma ina ganin ana haɗa tambayoyi biyu wuri ɗaya. Ko abu yana da daɗi daban, ko abin da aka rubuta shi ne a ciki daban, kuma harshe ba ya iya amsa ta biyun, shi ya sa mutane suka yi ta cin doki suna santi. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon gwajin zumar da ake shigowa da ita, inda aka zargi kashi 46 cikin ɗari na samfura 320 da cewa an gauraya su da ruwan sukari, kuma duka goman da suka fito daga Birtaniya suna cikin waɗanda aka zarga. Abin da nake yi shi ne in juya bayan kwali. Doka ta tilasta a jera abubuwan da ke ciki daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, kuma a jikin kanta ana rubuta farashin kowane giram ɗari, wanda shi ne yake tona asirin ƙaramin gwangwani mai kama da araha. A nan ne kuma nake ganin gelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi har da alade, a cikin alewa ko barasa a cikin wasu kayan zaƙi, in mayar da su. Mu da muka taso da garin madarar da aka cire wa mai aka maye gurbinsa da man itatuwa, wadda ake aunawa a leda a kasuwannin gida ana ce mata madara kawai, bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba.

Dakta Nura, Leeds:
Zainab ta yi magana mai kyau, kuma adalci ya sa in ƙara wani abu da bai goyi bayana ba. A 2008 an buga wani nazari na Robin Goldstein da abokan aikinsa a kan ɗanɗanon giyar inabi sama da sau dubu shida da aka yi ba tare da ganin kwalba ba. Gama-garin mutane sun ɗan fi son mai araha, amma waɗanda suka samu horo a kan sana'ar sun karkata ga mai tsada. Ke nan bambancin yana nan a wasu lokuta, sai dai ba kowane harshe ne yake kama shi ba.

Hajiya Binta, Manchester:
To madalla, Dakta, ka kawo mini hujja da hannunka. Idan mai horo yana gane bambanci, ni shekarata talatin ina girki, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Basmati mai kyau tun daga wanki nake gane ta: ruwanta ba ya yin fari fat, ƙwayarta ba ta karyewa a hannu, idan ta dahu kuma tana tsayawa ɗaya-ɗaya tana ƙamshi tun daga ƙofar gida. Wadda aka cika da karyayyu kuwa dafa-duka ma sai ta caɓe, sai dai a yi tuwo da ita. Ban ce duk mai araha ce take haka ba, akwai wadda na samu a Lidl da nake saye har yanzu, amma sai da na gwada kafin na amince, ba don an ce duk ɗaya ne ba.

Malam Sani, Birmingham:
Hajiya, na janye kalmar "duk" a kan nama da zuma, domin maganar Alhaji da ta Zainab ta shige ni. A kan shayi da shinkafa kuwa ina nan a kan bakana, kuma gani ya kori ji. Ranar Asabar ta ƙarshen wata za mu zo Manchester walimar sunan jikan Malam Habu. Zan zo da ganyen shayi iri uku da basmati iri biyu, Zainab ta juye su a robobi marasa rubutu ta sa musu lamba, ita kaɗai za ta san wanne ne wanne. Idan kika canki mai tsada a duka biyun, cefanen azuminki na shayi da shinkafa a wuyana.

Hajiya Binta, Manchester:
Na amince, amma da sharaɗi biyu. Ni zan wanke shinkafar in dafa ta a tukunyata, kowacce da ruwa daidai da 'yar'uwarta, kuma shayin za a ba ni shi baƙi, babu madara babu sukari, jaka ɗaya a kofi ɗaya na tsawon minti uku. Alhaji Garba ya riƙe agogo, tunda shi ba ya goyon bayan kowa a cikinmu.

Alhaji Garba, Landan:
Na karɓi agogo. Dakta kuma ya zo da takarda da biro, amma ya bar labarin kwalabensa a Leeds.