Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: zagi ne ko lallashi?

Direban Abzin: Salamu alaikum jama'a. Ku raba mu gardama da yayana. Akwai Baturen da nake tuƙawa, wata ƙungiyar agaji ce ta kawo shi Agadas a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Ko gari bai gama zagawa ba ya fara yanke hukunci: wai da azahar kowa kwance kamar an yi mutuwa, wai gidan laka talauci ne, wai don me za a kashe awa guda kan shayi kofi uku. Dattijon da ya ba shi haya ya saurara har ya gama, ya ce mini: "Ƙyale shi ɗana, baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Yaya ya ce wannan cin fuskar baƙo ne, bai dace da dattijo ba. Ni na ce lallashina ya yi. Wa ke da gaskiya?

Mai Kantu: Wa alaikumus salam. Ina zagi a nan? Baba cewa ya yi kada ka ɗau zafi da mutumin da kwangila ta kawo, kwangila za ta mayar. Sojan Amurka sun gina sansanin jirage marasa matuƙi a bakin gari, a 2024 suka tattara. Hasumiyar babban masallaci kuwa, mita 27, tana tsaye tun ƙarni na 16, kuma lakar da yake rainawa ce. Ita ce ma UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, tare da tsohon gari.

Malamin Lakwal: Alhaji, ban yarda duka ba. Mun mayar da maganar nan abin toshe kunne. Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, 'yan makonni ya yi a Agadas a 1850, amma abin da ya rubuta kan fadar Sarkin Abzin da kangayen da ya tarar, har yau masu tarihi na komawa kansa. Idon baƙo na ganin abin da sabo ya rufe mana. In Baturenka ya yi maganar ledar da ta cika lunguna, ƙarya ya yi?

Jikar Inna: Malam, bari in ba ku na kakata, Allah Ya ji ƙanta. Ita ke dama wa wani likita Bafaranshe fura kafin samun 'yanci a 1960. Da zuwansa ya ce tagogin ɗakin sun yi ƙanana, ya sa magina suka faɗaɗa. Maginan suka yi masa magana, ya ƙi ji. Iskar bazara ta shigo masa kamar daga bakin tanderu, ƙura har cikin akwatin magani. Bai daddara ba. Rana tsaka ya fita da gajeren wando yana dariyar masu naɗe fuska da rawani. Kusa da kasuwar raƙuma ya yanke jiki ya faɗi, a kan jaki aka kawo shi gida. Inna ta dama fura da cuku da dabino, tana ba shi da ludayi tana yi masa faɗa da Hausa, shi ko "sannu" bai iya ba a lokacin.

Da ya warke, da kansa ya kira maginan suka toshe tagogin. Ya koma kwana a kan soro, ya koyi naɗi, ya daina fita sai la'asar ta yi sanyi. Shekarar da baƙon dauro ya shigo unguwa, gida-gida ya riƙa bi cikin dare da fitilar ƙwai. Babana yana cikin yaran da ya yi jinya. Har ta rasu, Inna ba ta yarda a faɗi karin maganar nan a kansa, sai ta ce raɓar da ta raya mata ɗa ta fi kabar da ke yankar hannu. Amma fa kishiyarta da aka auro daga kudu, kullum da ita take yi mata habaici!

Ɗan Tasha: Allahu akbar, Inna ta iya zaɓen inda za ta ɗora magana! To ni tambayata, waɗanda suka saba zuwa mana lokacin kamfe da buhun sukari da turmin atamfa, rana na fitowa su ɓace sai bayan shekara biyar, su wane ne? 'Yan gari ne fa, mun san kakanninsu.

Mai Kantu: Kada ka ɓata wa raɓa suna, ita tana jiƙa ciyawa. Hanyar Arlit da uraniyom ke bi ta kanta, je ka ga ramukanta.

Malamin Lakwal: Kun ga abin da nake faɗa? Zama a gari ba shi ne amfani ga gari ba.

Direban Abzin: Jama'a kun bar ni a tasha. Me zan gaya wa Yaya?

Uwar Marayu: Ɗana, mu a wajenmu a rikicin gona ake faɗinta, in wanda aka ara wa fili ya fara kafa iyaka. Ban taɓa jin an yi wa baƙon kwana ita ba. Dattijon naku ko dai Baturen ya taɓa masa ginin gida?

Ɗan Tasha: Ai kuwa a bincika tagogi! Yaya Jikar Inna, mai jakin nan fa, likita ya biya shi kuɗin dako?