Neman kalma: inflammation, kafin gobe da la'asar

Mai gabatar da shiri: Salamu alaikum malamai. Gobe zan shiga situdiyo, shiri ne na ranar amosanin gaɓɓai ta duniya, 12 ga Oktoba. Likita ya ce a wani nau'in ciwon, fararen ƙwayoyin jini ne ke yi wa fatar cikin gaɓa taron dangi, su jawo inflammation. Na rubuta kumburi, amma raina bai kwanta ba.

Ma'aikacin asibiti: Kumburi kaɗai bai ɗauke shi ba, ƙanwata. Mai juna biyu ma ƙafarta na kumbura, ruwa ne kawai. Nan kuwa garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita. Wasu ƙwayoyin suna ƙera makaman da ke sukar jikin da suke gadi, wasu kuma, masu haɗiye ƙwayoyin cuta, suna zubo sinadari irin TNF, mai kiran 'yan'uwansu su ƙaro. Fatar ta yi kauri, ta shiga cin guringuntsi da ƙashi. Ga zafi, ga zogi, yatsun hannu biyu su sandare da safe har awa guda. Ki ce kumburi mai zafi.

Malamin Hausa: Ruruwa. Daga rura wuta. Ƙwaya na kiran ƙwaya, ai fifita garwashi ke nan. Shekara nawa ina faɗar wannan?

Ɗalibin Larabci: Allah ya gafarta Malam, ruruwar nan Turanci ce da babbar riga, tushen kalmarsu ma wuta ne. In aro za a yi, ga iltihabi.

Malamin Hausa: Iltihabin daga ina? Ba lahab ba ne, harshen wuta? Naku aro halal, nawa haram?

Ɗalibin Larabci: Lafiya da asibiti duk aro ne, ba wanda ya mutu.

Wata daga Damagaram: Ku dai ku yi ta yi. Innata sanyin ƙashi take cewa, ko malamin asibiti ya yi mata Faransancinsa.

Ma'aikacin asibiti: Hajiya, sanyin nan shi ke wahalar da mu. Gaɓa na huci ana cewa sanyi, sai a tafi neman maganin sanyi har yatsu su karkace. Kuma ƙanwata, kada jini da amosani su haɗu a bakinki. Kika ce amosanin jini, sikila za a ji, ita kuwa jajayen ƙwayoyi ta shafa.

Malamin Hausa: To kumburi mai zafi kalma ce ko jimla?

Mai gabatar da shiri: Malam, minti ashirin gare ni. Zan ce kumburi mai zafi, sannan in yi bayani da misalinka na rura wuta.

Malamin Hausa: Misalin kika ɗauka, kalmar kika bari. Shi ke nan. Ki dai faɗi ruruwa ko sau ɗaya, mu ji ko wani zai bugo waya ya ce bai gane ba.