Randa ta fito da ƙuraje a kwamfuta, ina gyaran yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina son fitar da siffar randar ƙasa, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Maradi, da tsohuwar Kinect, kyamara mai auna nisan abu, ta na'urar wasa Xbox 360. Na zagaye ta da kyamarar, na haɗa hotunan zurfin, masu nuna nisan kowane wuri, a manhajar Open3D. Jikinta ya fito da ƙuraje, wuyanta ya zama biyu, bakin kuma ya toshe kamar an kifa masa faifai. Malamai, me ke kawo haka?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da wurin ɗauka. Wannan Kinect ɗigon haske take fesawa wanda ido ba ya gani, da shi take awo, hasken ranar Maradi kuwa shanye shi yake yi. Shiga ɗaki, ka goge ƙurar gilashin. Kuskuren awonta yana ƙaruwa da nisa: ka ninka nisa biyu, kuskure ya ninka huɗu. A mita 1 'yan milimita ne, a mita 5 ya kusa santimita 4. Tsaya tsakanin santimita 80 da mita ɗaya da rabi. Randar ta bushe sarai, jiƙaƙƙen wuri mai ƙyalli rami yake bari a hoton.

Amsa ta biyu: Wuyan nan biyu aikin ICP ne, lissafin da ke daidaita hoto da hoto. Randa zagayayya ce, ta ko'ina kamarta ɗaya, sai lissafin ya zame bai san inda ya tsaya ba. Jera tubali uku ko huɗu masu girma daban a gindinta, kada ka motsa su, daga baya ka yanke su.

Ƙurajen kuwa, kada ka yi ta goge hoto ɗaya har siffar ta narke. Tara hotuna da yawa ta hanyar TSDF, wadda manhajar KinectFusion ta yi aiki da ita a 2011: ana raba sarari ƙananan akwatuna, kowanne yana riƙe matsakaicin nisansa da jikin randar, kuskuren wannan hoto ya kashe na wancan. Gwada akwati na milimita 4, iyakar yanka, wato nisan da ake daina lissafi daga jikin randar, santimita 2. Kafin nan ka zubar da ɗigon da ke shawagi a gefen baki, na ƙarya ne.

Amsa ta uku: Malam ya yi daidai. Toshewar baki alamar Poisson ce, hanyar da ke ɗinke ɗigo su zama jiki, ita ba ta barin rami, inda kyamara ba ta gani ba sai ta ƙirƙiro. Open3D yana ba ka yawan ɗigon da ke bayan kowace kusurwa ta siffar, cire kusurwoyi masu ƙarancin ɗigo, bakin zai buɗe. Amma zanen da maginiya ta tsaga a wuya, mai zurfin milimita ɗaya ko biyu, Kinect ba za ta kamo shi ba. Wannan sai hotunan waya masu yawa, ka ba Meshroom ko COLMAP, manhajoji masu fitar da siffa daga hotuna.