Lambobin asusun butikina sun cakuɗe, a ba ni shawara

Mai siminti, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina sayar da siminti da ƙarfe da kwano. Yarona ya zuba lissafinmu a kwamfuta, duk asusun da ya shigo sai ya ba shi lamba ta gaba. Yanzu bashin wani magini yana tsakanin kuɗin wuta da ladan ƴan dako. Yaya masana ke tsara abin nan?

Kontabul (akanta), Yamai: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka wahalar da yaro da ƙirƙira. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, kuma tsarin lissafinta, SYSCOHADA, da aka sabunta, mai aiki tun 2018, ya riga ya yanka wa kowane gida filinsa. Lambar farko ce ke faɗin gidan: 1 jari da rance mai tsawo, 2 kadarori irin mota da gini, 3 hajar da ke sito, 4 masu binka da waɗanda kake bi, 5 kuɗi, 6 abin da aka kashe, 7 ciniki. Masu kawo maka kaya 401, masu saye 411, banki 521, kuɗin akwati 571, sarin kaya 601, sayarwa 701.

Naka aikin yana wutsiyar lambar. Ƙarƙashin 4111, reshen 411 na masu saye, ware 001 zuwa 099 don maginan cikin Tawa, 100 zuwa 199 don ƴan sarin Abalak da Illela. In za ka bayar, tsallaka goma-goma: 010, 020, 030. Gobe sabon mutum ya zo, akwai masaukinsa. Lambar da aka rufe kuwa, kar a sake ba wani.

Hajiya mai atamfa: Malam, duk wannan don butiki ɗaya? Ni kayena, wato littafin da nake rubutu ciki, ya ishe ni. Kowane mai bashi da lambarsa ai aiki ne ja.

Kontabul, Yamai: Hajiya, da gaskiyarki rabi. Ɗan kasuwan da cinikinsa bai kai miliyan 60 na sefa a shekara ba, akwai masa tsari mai sauƙi na shiga da fita. Kuma mai ɗaukar buhu biyu ba ya buƙatar asusun kansa, a tara irinsu wuri guda. Amma mai bin magina bashin tirela, kaye ba zai riƙe shi ba.

Mai siminti, Tawa: Allah ya saka. To kuɗin da ake turo mini ta waya fa, 571 ne?

Kontabul, Yamai: A'a Alhaji, 552 ne. In ka gama su da na akwati, ƙirgar dare ba za ta taɓa daidaita ba.